Cutar da Ta Ƙi Shiga Takaba

Da sunan Allah nake farawa, shi ya ba ni Alhaji, shi kuma ya karɓi abinsa. Ni ban yi boko ba, allon ma ban wuce abin da zan yi salla da shi ba. Saboda haka abin da kuke karantawa bakina ne, hannun kuwa na maƙwabciyata ne, Malama Salamatu, mutuniyar Kaduna mai aikin jinya, wadda ke hawowa wurina ranar hutunta ta zauna da na'urarta a cinya. Mu mutanen Damagaram ordinatar muke cewa, ita ta ce kwamfuta, na bar mata tunda ita ke rubutun. In kun ga magana ta yanke ta koma baya, kuka ne ya tare ni, ba laifinta ba ne.

A ƙasan akwatina, ƙarƙashin zannuwa, akwai wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu, naɗe cikin hular Babanku. Ranar da za ku buɗe akwatin ba na nan, shi ya sa nake faɗa tun yanzu: kada a jefar da shi, kada kuma wani ya haɗa shi da wata na'ura don ya ga abin da ke ciki. Sannan ina son ɗana Babba da autata Rakiya su daina jifan juna da magana a kansa. Kowannenku rabin labarin ya riƙe. Ga shi duka.

Gidanmu gida ne da ba a cika kiran suna ba. Ni ban taɓa faɗin sunan Alhaji ba, ba kuma yau zan fara ba. Ɗan farina Babba nake ce masa, ga shi har ya soma furfura. Shi kuma Alhaji, sunana ɗaya da na mahaifiyarsa, Habsatu, don haka tun ranar da aka kai ni ɗakinsa bakinsa bai taɓa furta shi ba. "Mai sunan Inna" yake cewa, da muka sauke farali ya koma "Hajiya". A Mirya, garin da aka haife ni, Habsu ake ce mini, amma tun da iyayena suka rasu ba wanda ya sake kirana haka, har ni kaina na kusa mantawa.

Duk zamanmu na Montreuil, a gefen birnin Paris, Alhaji ne idona. Yana da shagon atamfa da turare a Belleville, in ya dawo da yamma sai in tara masa duk abin da ke da rubutu. Takardar likita, sanarwar da aka liƙa a ƙofar bene, rubutun jikin kwalbar magani, shi ke karanta mini. A metiro, jirgin ƙasan cikin gari, hannun rigarsa nake bi. Rashin karatu bai taɓa damuna ba sai da ƙodarsa ta fara ba shi wahala, ya bar wa Babba shago, ya zauna a gida. A lokacin ne ya sayi wani ɗan abin ɗaukar magana ya maƙala a kwamfutarsa. Bayan la'asar sai ya zauna a teburin falo yana ta magana shi kaɗai. Rannan na fito daga madafa na tsaya a kansa.

"Alhaji, da wa kake hira?"

"Da ke nake."

"Ga ni a tsaye, ba ka ko dube ni ba."

"Ba ke ta yau ba, Hajiya. Ke ta baɗi."

Na koma madafa na buɗe famfo don kada ya ji kukana.

Abin da ya yi shi ne, ya zuba mini bakinsa a cikin na'urar. Ya raba maganar ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da hotonsa, tunda hoto nake ganewa. In na taɓa masallaci, karatun Alƙur'aninsa ne. In na taɓa jirgin ƙasa, hanyoyi ne: yadda zan shiga layi na tara, tashar da zan sauka in zan je asibiti, gefen da ƙofa ke buɗewa. In na taɓa kwalba, magungunana ne, wanne na safe wanne na bayan abinci. Akwai bishiya, sunayen kakanninsa da inda kowa ya fito, saboda jikoki. Akwai tukunya, wannan kuwa surutu ne kawai, tsiyar da yake yi mini a kan gishiri da labaran ƙuruciyarsa. A can gefe kuma akwai wata koriyar ƙofa. Da na kai hannu gare ta sai ya riƙe mini yatsa.

"Wannan ba yanzu ba. Sai ranar da kika fita takaba, kika yi wanka kika sa turare. Kin yi mini alkawari?"

Na ce na yi.

Kafin a shiga na'urar sai an buga wata kalmar sirri. Ya kama yatsana yana kai shi kan maɓallan ɗaya bayan ɗaya, yau da gobe, har hannuna ya riƙe hanyar kamar yadda ya riƙe jan carbi. Kalma ce mai ɗan tsawo. Na tambaye shi me take cewa, ya ce hannuna ya sani, ya isa, kada in nuna wa kowa, ko yara. Shi ya sa kuke ganina ina rufe hannu da mayafi in zan buɗe ta, kuna mini dariya.

Allah ya yi masa rasuwa cikin sanyi. Na shiga takaba. Masu gaisuwa suka yi ta zuwa daga Clichy da Belleville, sannan suka ragu, sannan suka ɗauke. Rakiya ta koma Lyon wurin mijinta da aikinta, ga ciki ya yi mata nauyi. Babba yana leƙo ni in ya rufe shago. Sauran yinin ni ce da bango. Abin da ya riƙe ni shi ne, kullum in na idar da sallar asuba na sha shayi, sai in buɗe kwamfutar in taɓa masallaci, muryarsa ta cika falon. In rana ta ɗaga in taɓa tukunya, ya yi mini tsiya in rama, kamar yana ji. Koriyar ƙofar kuwa kallonta kawai nake yi ina lissafin wata.

Takaba ta yi rabi sai wata safiya wani jan akwati ya faɗo a tsakiyar gilashin da ƙara irin ta motar asibiti. Na janye hannuna. Na jira ya tafi, bai tafi ba. Da Babba ya zo da yamma na buɗe masa na'urar ya duba, ya yi tsaki.

"Birus ne, Inna. Cuta ce ta ordinatar."

"Ciwon Babanka ne ya shige ta?"

"A'a, Inna, ba irin wannan ba ne. Mutane ne ke ƙera ta su sako ta cikin na'urorin jama'a. Amma kada ki damu, akwai mai gadi a ciki, antibirus. Shi ne ma ya yi wannan ihun. Yanzu zan ce masa ya sa ta karantin."

"Mene ne karantin?"

"A killace abu a ɗaki. Ba ya fita, ba ya cuɗanya da kowa, har a ga abin da za a yi da shi."

"Takaba ke nan."

Ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun ranar jana'iza. Ya danna abin da zai danna. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, sannan jan akwatin ya dawo. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya sake dannawa, ya kashe na'urar, na sake buɗe masa, jan akwatin yana nan yana jiranmu. Ya ce mai gadin ya ce yana ganinta, ya san sunanta ma, amma ya kasa ɗaga ta. Washegari ya zo da wani mai gadin daban ya sa a ciki. Wannan ya ce ya cire ta, muka yi hamdala. Da safe na kunna, ga ta nan.

Da ihun kawai ne da na haƙura, na saba da ƙarar Paris. Amma bayan 'yan kwanaki na taɓa jirgin ƙasa, maimakon muryarsa sai shiru. Na shiga cikin ɗakin, na ga abubuwan da ke jere a ciki sun koma farare fat, kamar an zuba musu ruwan wanki. Na taɓa wannan, shiru. Na taɓa wancan, shiru. Hanyar asibiti ta tafi. Bayan kwana biyu kwalbar magani ta bi ta. Sai na fahimci abin nan ba zaune kawai yake ba, ci yake yi, kuma muryar mijina yake ci. Daga ranar ban ƙara cin abinci na ji daɗinsa ba. Kowace safiya in na buɗe, idona yakan fara zuwa kan koriyar ƙofa, in na ga tana nan da korenta sannan in yi numfashi.

Ana cikin haka sai ƙanin Alhaji, Malam Sani, ya kira ni daga Damagaram. Tsohon malamin makaranta ne, kuma abokin wasana ne, da can ba ya kirana sai "matata". Rannan bai yi wasa ba. Muka gaisa, ya tambayi haƙuri, ya tambayi yara, ya tambayi sanyi, sannan ya zo kan abin da ya sa ya kira.

"Hajiya, wa ke riƙe da ordinatar ɗin Yaya?"

"Ni ce. Lafiya?"

"Jiya Yaya ya aiko mini da saƙo."

Na tambaye shi wane irin saƙo.

"Da Faransanci, wai in taɓa nan in ga wani hoto. Ba ni kaɗai ba. Liman ya samu, abokan kasuwarsa sun samu. Wani ma ya taɓa, tasa na'urar ta rikice. Ni na san ba shi ba ne, amma mutane na magana. Mamaci bai yi wata uku a ƙasa ba ana yawo da sunansa ana cutar jama'a. A san abin yi, Hajiya."

Babba ya ɗauki kwamfutar ya kai wa wani mai gyara kusa da shago. Na yini a bakin taga. Da ya dawo ya ajiye ta a tebur, na buɗe ta, shi kuwa ya ƙi haɗa ido da ni.

"Ya ce magani ɗaya ne, a yi mata formate."

"Faɗa mini da Hausa."

"A wanke ta, Inna. Tas. Duk abin da ke ciki ya fita, ta koma kamar sabuwa."

"Har da muryar?"

"Har da ita. Ya ce ba zai iya rantsewa a kan abin da ya kamu da abin da bai kamu ba."

"An wanke Babanku sau ɗaya," na ce masa. "Ya isa."

Nan take ya kira Rakiya, don ita aikinta ke nan a Lyon, tsare na'urorin wani kamfani. Ya buɗe muryar wayar yadda ni ma zan ji, suka fara da Hausa suka zarce da Faransanci, ita ce alamar faɗa a gidanmu. Ban iya harshen ba amma na san kalmar "match", wato wasan ƙwallo, na kuma san "ta faute", wato laifinka ne. Ita tana cewa shi ya jawo cutar da kallon ƙwallo a wuraren banza da na'urar Baba. Shi yana cewa ita da ta san aikin tana can zaune, shi aka bari da wahala. Na karɓe wayar.

"Rakiya, bar Yayanki. Yi mini bayani yadda zan gane."

Ta ja numfashi, ina jin nauyin cikin a muryarta.

"Inna, wannan cutar tana riga mai gadin tashi. Da an kunna na'ura ita ce farkon farkawa, ta zauna a bakin ƙofa ta riƙe makullai. In ya tashi ya gan ta sai ya yi ihu, amma ba ya iya ɗaga ta, don tana cikin aiki. Kuma ta ɓoye wani ɓangarenta inda hannunsa ba ya kaiwa. In ya cire wanda yake gani, na ɓoyen ya sake haifo shi."

"To a ƙaro masu gadi."

"Ko nawa aka sa, a bayanta za su tashi. Ni zan iya gwada wata hanya, amma sai na'urar tana gabana, kuma likita ya hana ni tafiya sai na sauka. Yaya ya kawo mini ita, ki gaya mini kalmar sirrin."

"Ban san ta ba. Hannuna ne ya sani. Kuma Babanku ya ce kada in nuna."

"To sai ki zo da kanki."

"Ina takaba."

Sannan ta ce in saurare ta da kyau. Ta ce Babba ya zare wayar intanet daga bango, don saƙonnin su daina fita daga gidanmu. Ta ce in kashe kwamfutar yanzu, kada in sake kunna ta ko sau ɗaya har sai na kawo ta Lyon, domin duk lokacin da take kunne cutar ci take yi, in tana kashe kuwa ita ma barci take yi.

Ga wurin da nake son ku saurara, ku biyun. Rakiya ba ta san da koriyar ƙofar ba. Babba ma bai sani ba sai daga baya. Da ya zare wayar ya shiga kewaye yin alwala, sai ya rage ni da na'urar, tana kunne. Ƙofar tana nan da korenta. Yatsana yana kanta. Na san in na danna zan ji abin da Alhaji ya ajiye mini, ko da gobe cutar ta cinye. Na kuma san na yi masa alkawari yana riƙe da wannan yatsan. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, na ji dai ruwa ya daina zuba a kewaye. Na janye hannuna, na ce wa Babba ya kashe ta. Ba wanda ya hana ni. Ni na zaɓa.

Sauran takabar nan ita ce mafi tsawon abin da na taɓa gani. Na naɗe kwamfutar a zane na sa ta ƙarƙashin gado. In na idar da asuba sai in zauna da shayi, falon shiru, sai ƙarar bututun ɗumama ɗaki. Rakiya ta ce cutar barci take yi, amma zuciyata ba ta yarda ba. Ni na san gara, na san ƙwaron hatsi, ba sa jiran a buɗe rumbu. Sau da yawa nakan durƙusa in sa kunne a jikin zanen ko zan ji motsi. Na riƙa maimaita maganganun Alhaji da bakina don kada su ɓace, sai na ga kalmomin suna nan amma muryar tana gudu, na kasa tuna yadda yake jan "Hajiya" in zai yi mini tsiya. Magungunana suka rikice mini, har sai da Malama Salamatu ta zo ta ɗaura wa kowace kwalba zare mai launi. A nan muka saba da ita. Hannuna kuma, don kada ya manta hanyarsa, kullum sai in buga kalmar a kan tebur, ba maɓalli ba komai.

Rakiya ta sauka lafiya, namiji, aka sa masa sunan Alhaji, muke ce masa Abba. Ban je suna ba. Ranar da na fita takaba na yi wanka na sa turare kamar yadda ya ce, na zauna a bakin gado ina kallon zanen. Ban buɗe ba. Washegari Babba ya kai ni tashar jirgin Lyon. Ya so ya ɗora kwamfutar a sama wurin kaya, na ƙi. A cinyata ta yi tafiyar, hannuna biyu a kanta, har wata Baturiya da ke kusa da ni ta riƙa leƙen zanen tana zaton jariri ne. Tafiyata ta farko ke nan a ƙasar nan ba hannun rigar da zan bi.

A Lyon, bayan na ɗauki jikana na yi masa addu'a na jiƙa masa kai da hawaye, Rakiya ta share teburin cin abinci. Ta kawo wata tsohuwar na'ura tata wadda ba ta haɗe da intanet, da wani ɗan kle, abin nan kamar ɗan yatsa da ake sokawa a gefen kwamfuta. Na miƙa hannu zan buga kalmar, ta riƙe ni.

"Ba yanzu ba, Inna. In muka tashe ta yadda ta saba, cutar za ta tashi. Da wannan kle ɗin zan tashe ta. Za ta yi tunani da kan aro, nata kan yana barci, cutar na barci a cikinsa. Sai mu shiga a hankali mu kwashe kayan Baba."

"Kamar a zare zane ƙarƙashin mai barci."

"Haka. Ki yi mana addu'a kada ta juya."

Gilashin ya fito da wata fuska da ban sani ba, babu masallaci babu tukunya, sai rubutu jere. Rakiya ta yi ta aiki, jariri a kafaɗa, hannu ɗaya a kan maɓalli. Ta ce murya kaɗai za ta ɗauka, ba za ta taɓa komai mai iya motsi da kansa ba. Duk wadda ta ɗauko sai ta kai ta waccan tsohuwar na'urar ta bincike ta tukuna. Ni ina gefe ina jan carbi. Can wajen azahar ta danna wani abu, sai ga Alhaji yana karanta Tabaraka a ɗakin cin abincin 'yarsa. Rakiya ta kifa kai a kan tebur. Abba ya buɗe ido yana neman mai maganar.

Masallaci ya tsira duka. Bishiya ta tsira. Tukunya rabi. Jirgi da kwalba sun tafi, wannan na riga na sani. Sai na gaya mata zancen koriyar ƙofa. Ta dube ni, ta koma nema. Ta daɗe. Da ta ɗago na gane tun kafin ta buɗe baki.

"Tana nan, Inna, amma a kulle. Cutar ta sa mata kwaɗo, makullin yana wurin waɗanda suka ƙera ta."

"Ranar da na kashe, koriya ce."

"Hoton waje ne kika gani. Ba zan iya sanin ko a ranar ta kulle ba ko tun kafin nan."

Har yau ban sani ba. Wataƙila da na danna da na ji. Wataƙila da shiru zan tarar. Na juya wannan a raina har na gaji.

Rakiya ta ce kada a wanke komai. Ta ce wani lokaci masu irin aikinta sukan gano makullin wata cuta bayan shekaru, wani lokaci kuma ba a taɓa ganowa, ba za ta yi mini alkawari ba. Ta kwance bayan kwamfutar da ɗan sukurdireba ta zaro ƙarfen da komai ke kwance a cikinsa, muryar da cutar tare. Ta sa sabo a madadinsa, ta zuba masa abin da ya tsira, ta mayar mini da hotunana. Tsohon kuwa ta ɗora mini a tafin hannu.

"Abin da mai gadi ya kasa, mun yi da hannu. Ga karantin ɗinki."

"Ta shiga takabar dole," na ce.

Ta kuma ce, gwargwadon abin da ta gani, cutar ta shigo tun Alhaji na da rai, ta cikin wani saƙo mai kama da takardar masu jigilar kaya, ta kwanta shiru kafin ta fara ci. Ba ƙwallon Babba ba ne. Na ce ta kira shi ta gaya masa, ta ce sai ya fara ba ta haƙuri. Ga shi na faɗa a madadinta.

Saura abu ɗaya. Akwatin saƙonnin Alhaji, wanda ɓarayin ke aika wa mutane da sunansa, sai an shiga an rufe shi, kuma Rakiya tana zaton kalma ɗaya Babanta ke sa wa komai. Ta turo mini na'urarta mai tsabta ta ce in buga. Na ja mayafi zan rufe hannu.

"Inna, ɓarayi sun riga sun san ta, da ita suka shiga. Ni kaɗai ce ban sani ba. Dole in gani, don in canja ta."

Na yi tunani na ga gaskiyarta, Alhaji ya ce kada in nuna don ya tsare ni ne, yanzu kuwa tsaron yana cikin nunawa. Na sauke mayafin. Na buga a hankali tana bin yatsana da ido. Akwatin ya buɗe. Amma ita ba gilashin take kallo ba, ni take kallo.

"Sake bugawa."

Na sake. Ta sa hannu ta rufe baki.

"Inna, kin san abin da kike rubutawa kullum da safe?"

"Ina zan sani?"

"Habsu."

Na ji kamar an kira ni daga zauren gidanmu. Sai na ce ai sunan mahaifiyarsa ne, kada ta ɗora mini abin da ba nawa ba. Ta yi dariya tana share ido da gefen zanen goyo.

"Kaka 'yar birni ce, kuma ba wanda ya taɓa ce mata Habsu. Ai bai tsaya nan ba. Habsu Mirya ya rubuta, irin yadda ake rubuta su da Faransanci."

Mutumin nan ya zauna da ni tun ina yarinya har na tsufa, bai taɓa kiran sunana ba. Ashe da ya ga tafiya ta matso, kama yatsana ya yi ya koya mini rubuta shi, bai gaya mini ba. A ranar da na sani, a ranar Rakiya ta canja kalmar ta rufe akwatin, tunda ta zama ta ɓarayi. Na yi kuka a kan wannan ma.

Yanzu kwamfutar tana falo, kullum da safe Alhaji yana karanta mini Alƙur'ani. Metiro kuwa na koyi shiga da tambaya. Ƙarfen yana cikin hularsa a ƙasan akwati. Rakiya takan duba lokaci-lokaci ko an gano makullin, in ta kira ni ba ta ɗauko zancen ba na san ba a gano ba. Har yanzu in an yi zafi sosai ko bututun ruwa ya yi yoyo a benen sama, akwatin nake fara dubawa. In an samu makullin ina raye, a kawo mini, ni kaɗai zan saurara. In bayana ne, Babba da Rakiya su zauna ɗaki ɗaya su buɗe ƙofar tare, ko kuwa kada a buɗe.

Malama Salamatu ta ce a ƙarshen irin wannan rubutu mai magana yakan dangwala yatsa. Na ce ta miƙo mini na'urar. Allah ya jiƙan Alhaji, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa kan 'ya'yansa. Wannan layin na ƙasa ba hannunta ba ne.

habsoumirriah